In ina ibadata a ɗaki, dole ne sai na shiga ikilisiya?

Nuhu:
Salama 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai yau na ce bari in kawo shi nan, don Allah wanda zai amsa ya amsa a tsanake kar a fara da jifa. Tun lokacin korona a 2020 da aka rufe majami'u na koma yin ibadata a gida, da aka buɗe na ɗan koma amma sai na ga abin da nake samu in ni kaɗai ne ba na samunsa a can. A ɗaki nakan tashi da asuba in karanta Littafi Mai Tsarki a nitse in yi addu'a har zuciyata ta kwanta, a coci kuwa rabin lokacin sanarwa ce da maganar gudummawa, ga lasifika kamar zai fasa kunne, ka fito ka rasa me ka riƙe. Yesu da bakinsa ya ce a Matiyu 6:6 in za ka yi addu'a ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. To tambayata ita ce, mutumin da yake ƙaunar Allah da gaske, yana addu'a yana karatu yana ƙoƙarin tsare kansa daga zunubi, amma ba ya cikin wata ikilisiya, akwai abin da ya rage masa? Ba hujjar lalaci nake nema ba, da gaske nake tambaya.

Bitrus:
Ibraniyawa 10:25. Kada mu bar taruwarmu yadda waɗansu suka saba. Magana ta ƙare ɗan'uwa, babu wani kwana-kwana a nan.

Rifkatu:
Haba Bitrus, mutum ya roƙa kar a fara da jifa kai kuma da shi ka buɗe. Duk wanda ya tashi a coci ya san wannan ayar, ai ba rashin saninta ne ya kawo shi ba.

Bitrus:
To in ya santa me ya rage? Ni ban ga laifina ba 'yar'uwa, maganar Allah na kawo ba tawa ba.

Mama Saratu:
Ɗana Nuhu, sannu. Na ji daɗi da ka ce kana tashi da asuba, ka riƙe wannan kar kowa ya raba ka da shi, don da yawa daga cikin masu cika kujeru ranar Lahadi ba su da shi. Ubangijinmu ma haka yake yi, Markus 1:35 ya ce tun da sauran duhu ya tashi ya tafi wurin da ba kowa yana addu'a. Amma ka duba Luka 4:16, da ya je Nazarat ya shiga majami'a ranar Asabar kamar yadda ya saba. Ya saba fa aka ce. Kuma wace irin majami'a ce? Mutanen da ke ciki su ne a ranar nan suka fusata suka kai shi bakin dutse za su jefa shi ƙasa. Shi da ya fi kowa sanin Uba, shi da ba ya bukatar wani ya yi masa wa'azi, bai ce ɗaki ya ishe shi ba. Ita kuma Matiyu 6 ka karanta aya ta 5 tukuna, maganar masu tsayawa a bakin titi ne suna addu'a don a gan su. Riya ya hana ba taro ba. Sannan ka sauka ƙasa kaɗan inda ya koya mana addu'a, ya ce mu ce Ubanmu, ka ba mu, ka gafarta mana, ka cece mu. Ko ka kulle ƙofa da sakata ba kai kaɗai ne a ciki ba.

Nuhu:
Na gode Mama. Amma ai ban fita daga jikin Almasihu ba, ina cikin ikilisiyar dukan masu bi na duniya, ina yi musu addu'a, ina jin wa'azi a waya kusan kullum kuma wa'azin ya fi wanda nake ji a can zurfi nesa ba kusa ba. Abin da na bari gini ne da tsarin mutane.

Dattijo Ishaya:
Nuhu, bari in tambaye ka ba don in kunyata ka ba. Wannan ikilisiyar duniya da kake ciki, waye a cikinta ya taɓa ɓata maka rai har ya zama dole ka gafarta masa? Waye a ciki zai iya kiranka ya ce ɗan'uwa hanyar nan da ka ɗauka ba ta yi ba? Mai wa'azin da kake ji a waya bai san sunanka ba, in ya faɗi abin da ya sosa maka inda ke ciwo da yatsa ɗaya ka canja zuwa wani. Ka ɗauki Sabon Alkawari ka bi duk inda aka ce juna. Ku ƙaunaci juna, ku ɗauki nauyin juna a Galatiyawa 6:2, ku jure wa juna kuna gafarta wa juna a Kolosiyawa 3:13, ku furta wa juna zunubanku ku yi wa juna addu'a a Yakubu 5:16. Waɗannan umarni ne kamar yadda kada ka yi sata umarni ne, kuma babu ɗaya da mutum zai iya cikawa shi kaɗai a kan gadonsa. Ka tambaya ko akwai abin da ya rage maka, to ni amsata ke nan. Ba wai addu'arka ba ta kai ba ne, a'a, akwai wani sashe na biyayya ne da ba ka da wurin yinsa yanzu. Haƙuri ba ya girma inda babu mai gwada shi.

Rifkatu:
Baba, da girmamawa, maganarku gaskiya ce amma akwai ɓangaren da kullum ake tsallakewa. Ku furta wa juna zunubanku, to ni na yi. Na shiga wani hali a gidana na kai wa 'yan ƙungiyar addu'armu, mutanen da nake kira 'yan'uwa, na yi kuka a gabansu, kafin Lahadi ta zagayo maganar ta karaɗe ko'ina da sunan wai a taya ni da addu'a. Har wadda ko gaisawa ba ma yi ta tare ni a bakin ƙofa tana yi mini nasiha a kan abin da ban gaya mata ba. Da na kai ƙara wurin shugabanni aka ce in yi haƙuri kar in raba kan ikilisiya, ita wadda ta baza maganar ko kiranta ba a yi ba don mijinta yana cikin kwamiti. Don haka in na ji ana cewa ku koma coci ku koma coci sai in ce a koma wurin wa? Ba kowa ne ya bari don lasifika ba, wasu da rauni suka fita kuma babu wanda ya bi sawunsu.

Ladi:
Kai, sannu Rifkatu. Allah ya warkar da zuciyarki. Wannan abin ya yi yawa a cikinmu, gulma da rigar addu'a.

Dattijo Ishaya:
'Yata, ba zan ce miki ki yi haƙuri ba don an riga an yi amfani da kalmar an rufe miki baki. Abin da aka yi miki zunubi ne, kuma na shugabannin ya fi na matar nauyi. Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa yadda ake yi in ɗan'uwa ya yi maka laifi, ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya, ba a ce a duba waye mijinta ba. Kuma mutane ba sa lura cewa ayar nan da muke so, inda mutum biyu ko uku suka taru da sunana ina tsakiyarsu, aya ta 20 ce a wannan surar, wato a tsakiyar maganar gyaran laifi aka faɗe ta. Ki karanta Zabura 55:12-14, mai zaburan yana cewa da maƙiyi ne ya zage ni da na jure, amma kai ne, abokina, wanda muke tafiya Haikalin Allah tare cikin taro. Allah ya bar wannan kukan a cikin Littafinsa, bai share shi don a kare sunan taron ba. Ezekiyel 34 kuma ta fara ne da hukunci a kan makiyayan da ba su ɗaure wadda ta karye ba, ba su nemo wadda ta ɓace ba. Ni ban ce dole ki koma wannan wurin ba. Akwai wurin da barinsa shi ne daidai. Abin da nake roƙo kawai kar mutanen nan su ƙwace miki abu biyu, sun ci amanarki sannan kuma su raba ki da dukan 'yan'uwan da ba su yi miki komai ba.

Rifkatu:
Na ji Baba. Ba yau ba dai. Ko hanyar wurin na bi sai gabana ya faɗi.

Mama Saratu:
Ba a yi miki gaggawa ba 'yata. Ki samu mace ɗaya tak mai tsoron Allah mai riƙe baki ku dinga addu'a tare, wannan ma mafari ne.

Bitrus:
Ni dai tsorona kar mu buɗe ƙofa kowa ya ce an ɓata masa rai ya zauna a gida. In haka ne ai babu wanda zai rage. Wane coci ne babu matsala? Zo mu zauna zo mu saɓa ne.

Malam Luka:
Bitrus a nan kana da gaskiya, kuma abin da nake so Nuhu ya gani ke nan. Mukan ɗauka ikilisiyar farko aljanna ce don Ayyukan Manzanni 2:41-47, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya rana ɗaya, suna nacewa ga koyarwar manzanni da zumunta da gutsuttsura gurasa da addu'a, ana sayar da kaya ana raba wa mabukata. Amma ka buɗe sura ta 5 ga Hananiya da Safiratu sun yi ƙarya a kan kuɗi, sura ta 6 ga gunaguni, Yahudawa masu jin Helenanci suna cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon yau da kullum, wato wariyar yare tun manzanni suna raye, sai da aka zaɓi mutum 7 su Istifanus da Filibus su kula da abin. Sura ta 15 Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi a kan Markus har suka rabu kowa ya kama hanyarsa. Korinti kuwa ba a magana, wannan na Bulus wancan na Afolos, suna kai juna kotu, a wurin jibin Ubangiji wani yana jin yunwa wani ya bugu. Su ne fa Bulus ya kira tsarkaka a farkon wasiƙar 1 Korintiyawa, su ne ya rubuta wa sura ta 12 cewa ido ba shi da ikon ce wa hannu ba na bukatarka, kuma sura ta 13 ta ƙauna da ake karantawa a ɗaurin aure, asalinta ga mutanen da ke rigima a coci aka rubuta ta.

Maganar gini kuma Nuhu ina tare da kai, gini ba shi ne ikilisiya ba. Romawa 16:5 ta ambaci ikilisiyar da ke taruwa a gidan Biriskila da Akila. Ɗaya daga cikin wuraren sujada mafi tsufa da masu tonon tarihi suka gano yana Dura-Europos a ƙasar Siriya, gidan zama ne aka fasa bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu aka mai da shi wurin taro wajen shekara ta 240. Sai bayan 313 da aka ba Kirista 'yancin addini a daular Rum manyan majami'u suka yawaita. Amma ka lura, ba su da gini amma ba su taɓa rasa taro ba. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Rum mai suna Filini ya rubuta wa sarki Tarajan daga Bitiniya cewa ya bincika Kiristocin yankinsa ya tarar sukan taru a wata rana da suka tsayar tun kafin gari ya waye suna rera waƙa ga Almasihu. Wannan gwamnan yana kashe wanda ya ƙi musun sunan. Da ibadar ɗaki ta wadatar da babu dalilin da zai sa su sa wuyansu a haɗari, kowa ya yi tasa a ɓoye ya tsira.

Nuhu:
Malam to su waɗanda suka shiga jeji fa? Na san akwai bayin Allah a tarihi da suka bar mutane suka zauna su kaɗai shekara da shekaru kuma har yau ana girmama su. Iliya ma shi kaɗai ya je Horeb Allah ya yi masa magana.

Malam Luka:
Tambaya mai kyau. Wanda aka fi sani shi ne Antoni na Masar da ya rasu a 356, ya yi kusan shekara 20 a keɓe a wani tsohon sansani a hamada. Amma ko shi da ya fito almajirai ya tara yana koya musu, kuma a 311 da tsanani ya tashi ya shiga Iskandariya yana ƙarfafa waɗanda aka kama. A zamaninsa kuma a Masar ɗin Fakomiyus ya fara tara masu irin wannan rayuwa wuri ɗaya suna aiki tare suna addu'a tare. Daga baya Basil na Kaisariya wanda ya rasu a 379, shi da ya zagaya ya ga rayuwarsu da idonsa, ya yi wa mai son zama shi kaɗai tambayar da har yau ban ji an amsa ba, ya ce Ubangiji ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, to kai da kake zaune kai kaɗai ƙafar wa za ka wanke?

Iliya kuwa ka karanta 1 Sarakuna 19 zuwa ƙarshe. Me ya faɗa a Horeb? Ni kaɗai na rage. Kaɗaici ya sa ya ga abin da ba haka ba ne, Allah ya ce masa akwai 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ce koma ta hanyar da ka zo, kuma cikin aikin da ya ba shi har da shafe Elisha wanda ya zama abokin tafiyarsa. Allah ya sadu da shi a keɓe ƙwarai, amma bai bar shi a can ba.

Ladi:
Ni ina so in juya maganar ta ɗaya gefen don naga duk an taru a kan Nuhu. Akwai wata cuta da ta fi tasa yawa kuma ba a wa'azi a kanta don tana amfanar coci. Mutum yana ƙungiyar mawaƙa, yana kwamitin gini, yana koyar da yara, Litinin mitin Laraba addu'a Juma'a gwajin waƙa Asabar shara, kowa na yabonsa wai mai himma ne, amma ka tambaye shi yaushe rabonsa da ya zauna shi da Allah su biyu ba don shirya abin da zai faɗa wa wasu ba, sai ya yi shiru. Ikilisiyar Afisa a Ru'ya ta Yohanna 2 an yabi aikinta da wahalarta da jimirinta da yadda ta gane manzannin ƙarya, sannan aka ce ina da magana da ke, kin bar ƙaunarki ta fari. Ba zaman gida suka yi ba fa, suna cikin aiki tsundum. Marta ma hidimar Yesu take yi ba ta wani ba, amma Maryamu da ta zauna tana saurara ita aka ce ta zaɓi rabo mai kyau. Don haka Bitrus in za ka kawo Ibraniyawa 10:25 ka kawo ta tare da aya ta 24, dalilin taron shi ne mu kula da juna mu zuga juna ga ƙauna da ayyuka nagari. Wanda ya zo ya zauna a baya ya fita kafin a sa albarka bai gaisa da kowa ba, shi ma bai cika ayar ba ko da rajista ta nuna bai taɓa fashi ba.

Bitrus:
Wannan kam ban musa ba. Amma gara wanda ya zo a gan shi, aƙalla in ya ɓace za a sani.

Rifkatu:
Za a sani? Ni da na ɓace wayar da aka fara yi mini ta tunin alkawarin gudummawa ce.

Dattijo Ishaya:
Wannan abin kunya ne a gare mu masu riƙe da shugabanci a ko'ina muke. Ladi, maganarki ta tuna mini da Dietrich Bonhoeffer, faston nan na Jamus da ya riƙe makarantar horar da fastoci a Finkenwalde a zamanin Hitila har 'yan sandan ciki suka rufe ta a 1937, daga baya aka rataye shi a watan Afrilu 1945. Daga zaman da suka yi tare a can ya yi gargaɗi mai baki biyu, cewa wanda ba ya iya zama shi kaɗai ya yi hattara da taro, wanda kuma ba ya cikin taro ya yi hattara da zama shi kaɗai. A makarantar kowace safiya bayan sujadar haɗin gwiwa kowane ɗalibi sai ya keɓe ya yi shiru a kan nassi. Mutumin da ba shi da ɗaki yakan zo coci da yunwar a yabe shi a ba shi muƙami, shi ne yake zama fitina a kwamiti. Wanda ba shi da coci kuma a hankali muryar ransa takan fara yi masa kama da muryar Allah, kuma babu wanda zai ce masa tsaya mu auna.

Dauda:
Ni matsalata daban ce. Aikina na canji ne, sau da yawa Lahadi ina bakin aiki, ba zaɓina ba ne. In na samu zuwa sai a dinga kallona kamar baƙo, wani har ya ce mini baƙonmu na yau ya tashi a gan shi alhali a wurin aka yi mini baftisma. Ina son zumunta amma tsarin bai san da irina ba.

Malam Luka:
Dauda, irin matsalarka ce ta sa nake ganin ƙaramin taro ba ado ba ne. John Wesley a Ingila ya ga dubbai suna tuba a wa'azinsa na fili sannan suna zamewa, a 1742 a Bristol aka fara raba mutane ƙungiya-ƙungiya ta kusan mutum 12 da shugaba ɗaya, farkon dalilin ma tara kuɗin biyan bashin gini ne, amma da shugabannin suka fara zagayawa suka ga halin da mutane ke ciki sai abin ya koma taron mako-mako inda ake tambayar kowa lafiyar ransa da Allah. Yawancinsu ma'aikata ne masu aikin ƙarfi, da yamma suke haɗuwa a gidaje. A taron mutum 12 ba ka iya ɓacewa ba a sani ba. Ka samu faston ku ka gaya masa kai tsaye, na tabbata ba kai kaɗai ne mai irin wannan aiki ba, ku tsayar da ranar da ta dace da ku a ƙarƙashin ikilisiyar ba a bayan idonta ba.

Nuhu:
Ina karantawa duka. Tambayar ƙafar nan ta tsaya mini a rai. Amma har yanzu ban ga yadda zan koma in zauna awa uku ana abin da ba ya gina ni ba.

Mama Saratu:
Ɗana, wa ya ce maka don a gina ka kaɗai ake zuwa? Abin da Allah yake ba ka da asuban nan ka ɗauka naka ne kai ɗaya? 1 Korintiyawa 12:7 ta ce ana ba kowa baiwar Ruhu don amfanin kowa. Akwai yaro a can da bai iya buɗe Littafi ya karanta da kansa ba kai kuma ka iya, akwai dattijon da idonsa ya mutu yana neman mai karanta masa. In sanarwa ta yi yawa wanda yake ciki ne zai tashi a taron membobi ya faɗa a ji shi, daga gida ba a gyara komai. Kuma akwai abu ɗaya da waya ba za ta taɓa miƙo maka ba, jibin Ubangiji. Wani ne yake miƙa maka gurasar kai ma ka miƙa wa na kusa da kai, wataƙila ma wanda ba ka so. In wancan cocin bai yi maka ba ka nemi inda ake koyar da Maganar da gaskiya ka zauna a san ka, ba ka yi ta yawo yau nan gobe can ba.

Hannatu:
Tun ɗazu nake bin maganar ban ce komai ba. Ni ina jinyar mahaifiyata ne, ta shanye ɓarin jiki ba ta tashi, ba na iya barinta. Matar nan duk rayuwarta ba ta fashin sujada, yanzu ranar Lahadi sai ta sa in yi mata wanka in sa mata kaya masu kyau in kunna mata sujada a waya, tana bin waƙoƙin da bakin da ba ya fita sosai, in aka zo jibin Ubangiji sai ta juya fuska bango hawaye na zuba. Ku da kuke da ƙafa kuna muhawara ko za ku je, ita so take ba hali. Farkon ciwon an zo gaisuwa sosai, yanzu an saba. Tambayata ga su Baba da Malam, wanda ba ya iya zuwa wurin ikilisiya, ba ikilisiya ce ya kamata ta zo wurinsa ba?

Malam Luka:
Ita ce ya kamata, kuma ba sabon abu ba ne. Yustin Shahidi da ya bayyana sujadar Kirista a Rum wajen shekara ta 155 ya ce ranar Lahadi ana taruwa a karanta rubuce-rubucen manzanni da annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a yi addu'a, a raba gurasa da ruwan inabi, sannan dikinoni su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Baikon da aka tara kuma na marayu ne da gwauraye da marasa lafiya da waɗanda ke kurkuku da baƙi. Kai wa na gida yana cikin sujadar kanta.

Dattijo Ishaya:
Hannatu, Yakubu 5:14 ta ce in wani ba shi da lafiya ya kira dattawan ikilisiya su zo su yi masa addu'a. Haƙƙin Mama ne ba alfarma ba ce, kar ki ji nauyin kowa. Ki kira faston ku yau ki ce masa Mama tana son a kawo mata jibin Ubangiji a gida, ki faɗa da wannan lafazin, kuma ki ce ba sau ɗaya ba, a sa ta cikin tsari duk lokacin da aka yi a coci. Ki kuma roƙi matan ikilisiya su tsara wadda za ta dinga zama da ita wata Lahadin ke ma ki samu ki je, don ke ma kina bukata.

Ladi:
Hannatu turo mini lambarki ta akwatin sirri. In faston bai ɗaga ba ki gaya mini, sai mu nemi ɗaya daga cikin dattawan.

Hannatu:
Na tura yaya Ladi. Da yamma ya fi, da safe ina fama da ba ta magani da gashin ƙafa.